Haƙƙin Muhandis Nagase

A shekarar 1999, cikin watan Maris, Badamasi na Malumfashi ya fara haɗuwa da mutumin da zai zauna masa a rai har tsufa. A Sulay ne, kudu maso gabashin Riyad, a zamanin da unguwar ba ta da komai sai sito-sito da garejoji da ɗakunan lebura, kwalta ma ba ta gama zagaye ta ba. Badamasi yana da shekara talatin da uku a lokacin. Shekararsa ta uku ke nan a ƙasar da iƙamar lebura, wato takardar izinin zama, yana dakon kwalayen kaji a wani babban siton sanyi. Kafin ya zo, gyaran firji yake yi a Funtuwa, amma tun da ya sauka babu wanda ya tambaye shi abin da hannunsa ya iya.

Mutumin ɗan ƙasar Japan ne, sunansa Nagase. Kamfanin da ya sayar wa siton sababbin injinan sanyi guda biyu shi ya turo shi ya kafa su, ya kuma zauna shekara uku yana kula da su. Gajere ne, marar yawan magana, rigar aikinsa kullum a goge. Ya kama ɗaki a unguwar Malaz, yana isowa aiki bakwai saura kwata, ba ƙari ba ragi. Ma'aikata suka riƙa kiransa Muhandis, wato injiniya da Larabci. A kwanansa na huɗu ya hangi Badamasi tsaye da kwali a ka, ya karkata kunne wajen wani tsohon inji. Ya tambaye shi da hannu me ya ji. Badamasi ya nuna bel, ya kwaikwayi kukansa da baki. Kashegari Muhandis ya shiga ofishin mai siton ya ce wannan yake so a ba shi.

Ba su da harshe ɗaya sai Larabcin Sulay, wanda Bangali da Bahaushe da ɗan Filifin suka haɗu suka gutsuttsura har ya ishi kowa. Da shi Muhandis ya koya wa Badamasi karanta agogon inji, da sauya mai, da gane ciwon inji tun bai kwanta ba. Yana kiransa Badamasi-san, ya ce a garinsu haka ake girmama suna. Da azumi ba ya cin komai a gaban ma'aikata, sai ya shiga motarsa ya rufe.

Abu ɗaya ne Badamasi ya kasa sabawa da shi. Muhandis ba ya barin inji sai ya bi kowane bawul da kowane makunni, ya miƙa ɗan yatsa ya nuna shi, ya kira sunansa da ƙarfi, ya faɗi halin da yake ciki. "Bawul na mai, a buɗe! Bawul na ruwa, a buɗe!" Ko shi kaɗai ne a ɗakin haka yake yi. Ya ce ido yakan yaudari mutum a kan abin da ya saba gani, shi ya sa ake haɗa masa da yatsa da baki. Ya sa Badamasi ya riƙa yi. Badamasi yana yi idan Muhandis na kusa. Idan ba ya nan sai kunya ta kama shi, don a inda ya tashi, magidanci ba ya tsayawa yana nuna ƙarfe yana magana shi kaɗai, sai wanda kansa ya taɓu. Direbobin siton kuwa sun mai da abin abin wasa, musamman Saidou, wani ɗan Maraɗi da suke ɗaki ɗaya da Badamasi.

Ranar Alhamis, tara ga Agusta 2001, Muhandis ya tafi filin jirgi karɓo kayan gyara, ya bar wa Badamasi sauya man inji na biyu. Badamasi ya gama bayan la'asar. Direbobi suna zaune a bakin ɗakin injin suna shan inuwa. Yana ɗaga yatsa, Saidou ya ce, "Ku yi shiru jama'a, liman za shi yi wa ƙarfe huɗuba." Aka kwashe da dariya. Badamasi ya sauke hannu, ya bi bawul-bawul ɗin da ido sama-sama, ya rufe murfi. Da Muhandis ya dawo ya tambaye shi, "Kullu tamam?" wato komai daidai, sai Badamasi ya ce, "Tamam." Muhandis ya sa hannu a takardar aiki bai duba ba, don shekara biyu ke nan Badamasi bai taɓa ba shi kunya ba.

Bawul na mai a rufe yake. Ranar Juma'a babu kowa a siton sai mai gadi. Inji na biyu ya ƙone, nauyi ya koma kan na ɗaya, zafin Agusta ya kwantar da shi shi ma. Safiyar Asabar tun daga bakin titi ake jin warin kaji.

Muhandis ya shiga ɗakin injin, Badamasi na bayansa. Ya bi bawul-bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya har hannunsa ya tsaya a kan wancan. Ya ɗan jima a haka. Bai waiwayo ba. Ya murɗa shi a hankali ya buɗe, ya goge hannu, ya wuce ofis. Ta taga ma'aikata suka ga mai siton yana ɗaga hannuwa yana faɗa, Muhandis kuwa a sunkuye, hannuwa a gefen cinya. Muhandis ya ce kuskurensa ne, shi ne ya sa hannu a takarda. Kwana goma sha ɗaya bayan haka kamfaninsa ya kira shi gida.

Badamasi bai ce uffan ba. Matarsa Turai tana Malumfashi da tsohon ciki, mahaifiyarsa a kwance, ƙannensa biyu a makaranta. Ya san idan ya buɗe baki, abin da ke jiransa shi ne huruj niha'i, fita ba dawowa. Ranar da Muhandis ya zo sallama, Badamasi ya ce zazzaɓi yake yi, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Shekaru suka shuɗe. Da yake babu wanda ya san injinan kamarsa, shi aka bar wa ɗakin, aka sauya masa sana'a a iƙama daga lebura zuwa makaniki. Shi da Saidou suka koma unguwar Shifa da zama. Ya gina gida a Malumfashi, ya aurar da 'ya'ya uku, yana zuwa ganin iyali duk bayan shekara biyu. Duk wanda aka ba shi ya koya wa aiki, darasin farko shi ne nuni da yatsa da kiran suna, kuma babu mai dariya, don fuskar Badamasi ba ta ba da wannan damar.

Kowane Janairu kati yakan zo siton daga wani gari da ake kira Kanazawa, da zanen dabba a jiki, da gaisuwar sabuwar shekara layi ɗaya, da adireshi da lambar waya. Badamasi bai taɓa ba da amsa ba. Ya sha ɗaukar biro ya ajiye. Ya yi aikin Hajji sau biyu, ya tsaya a Arfa ya roƙi gafara, amma ya san abin da malamai suke faɗa: laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba tana share shi, haƙƙin ɗan'adam kuwa sai mai shi ya yafe da bakinsa. Mutum ɗaya kawai ya taɓa gaya wa, shi ne Saidou.

Mai siton ya rasu, ɗansa ya zama mudir, wato shugaban wurin. A watan Nuwamba na 2023 mudir zai je Osaka, a Japan, duba sababbin injina, ya ce Badamasi ya shirya su tafi tare.

"Kai Bakatsine, mi za ka tono kuma?" in ji Saidou, yana kallonsa yana shirya dabino a jaka. "Shekara ashirin da biyu hwa. Ƙila mutumin ya manta da kamanninka ma."

"Wanda ya manta ba ya aiko kati."

"To ka ce ni na ja. Bakina ne ya yi aikin. In korar ce a kore ni, dama gwiwata ta gaji da kuloci."

"Bakinka bai riƙe mini hannu ba, Na Maraɗi."

"Allah shi kyauta. Amma in sun ba ka ɗanyen kifi, ka ce kana azumi."

Bayan kwana huɗu a Osaka aikin ya ƙare, Badamasi ya roƙi mudir kwana biyu. Ma'aikaciyar otal ta buga masa lambar da ke kan katin. A ɗaya ɓangaren wata tsohuwar murya ta ce, "Badamasi-san? Wallahi?"

A tashar jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci da farar safar hannu ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna fitila, ya kira ta, ya nuna agogo, ya kira shi, da murya sama. Mutane ɗaruruwa suna wucewa, babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi. Badamasi ya shiga ya zauna. Tafiyar awa biyu da minti arba'in ce, rabinta bai ga abin da ke wajen taga ba.

Ana yayyafi a Kanazawa. Muhandis yana tsaye a tasha da sanda a hannu ɗaya, laima biyu a ɗayan. Gashi ya yi fari fat, jiki ya ƙanƙance. Ya sunkuya. Badamasi ya dafa ƙirji, sannan ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kef halak?" in ji tsohon. Ya nuna furfurar gemun Badamasi ya yi dariya. "Kabir, kabir! Ka tsufa."

"Kai ma ba ka tsaya ba, Muhandis."

Muhandis ya kai shi wani ƙaramin masauki kusa da tasha ya ce nan zai kwana. A Malumfashi, baƙon da ya keto ƙasashe dominka ba ka kai shi ɗakin haya, sai in akwai wani abu a zuciyarka. Daga baya Badamasi ya gane cewa a can haka ake yi wa baƙo don a hutar da shi, amma a wannan safiyar ya ɗauka hukunci ne, ya kuma ga ya cancanta.

Muhandis ya zaro takarda daga aljihu. Ya tsara ranar minti-minti, har da lokutan Azahar da La'asar da inda za a yi su. Suka fara da babban lambun garin, wanda masu mulkin zamanin baya suka dasa. Shekara ashirin da bakwai Badamasi ya yi a Riyad, ya manta cewa ruwa yana iya gudu haka a fili babu mai tsaronsa. Ganyaye sun yi ja kamar lalle ya kama. An kafa wa manyan itatuwa dogayen sanduna, igiyoyi sun sauko daga ƙololuwa zuwa kowane reshe, kamar tankar jinka kafin a yi mata baibaya. Muhandis ya ce don dusar ƙanƙara ne, kada nauyinta ya karya rassan. Wasu tsofaffin mata suna durƙushe suna tsince ciyawa daga cikin gansakuka da yatsu, ɗaya-ɗaya.

A kan wata 'yar gada Badamasi ya tattara ƙarfin hali.

"Muhandis, akwai magana. Maganar ranar Alhamis ɗin nan..."

"Shuf, shuf!" Tsohon ya nuna ruwa da sanda. "Kifi. Dubi girmansa. Wannan ya girme ka a aiki."

Kifin ya kai tsawon hannu, ja da fari. Badamasi ya dube shi. Suka wuce.

Daga nan sai kasuwa, rufaffiya, mai lunguna da yawa. An buɗe kakar ƙaguwa a makon, an jera su a kan ƙanƙara, ƙafafu dogaye kamar yatsun mutum. Babu ƙuda, babu ƙarni, babu mai taya farashi. A gidan abinci Muhandis ya miƙa wa mai dafuwa wani kati da ya rubuta da hannunsa: ban da alade, ban da giya, har wadda ake ɗigawa a miya. Mai dafuwar ya karanta, ya yi tambayoyi biyu, ya ɗauke wata kwalba ya mai da ita can nesa. Aka kawo shinkafa da yankan ɗanyen kifi a kai. Badamasi ya tuna shawarar Saidou, amma ya san babu abin da mutumin nan zai miƙo masa ya ƙi. Ya yi bisimilla ya ci. Kifin da sanyi, da laushi, ba abin da ya zata ba. Wani koren yaji da ke gefe ya hau masa ka ta hanci har ya yi hawaye, Muhandis yana ta dariya yana bubbuga tebur. Da ya kasa da tsinkayen cin abinci, mai dafuwar ya ajiye masa cokali. Sai ya ɗaga kwanon romo, ƙamshin daddawa ya buge shi sak, irin na madafin mahaifiyarsa. Ya ajiye kwanon.

Bayan Azahar suka shiga wata tsohuwar unguwa ta gidajen katako, aka zaunar da su a tabarma a ɗakin shan shayi. Wata mata ta kawo ɗan alewa aka fara ci, sannan ta kaɗa koren shayi da buroshin gora har ya yi kumfa. Ana karɓa da hannu biyu, a juya kwanon sau biyu, a sha. Ɗaci gare shi. Babu mai magana a ɗakin, don haka nan ma ba wurin maganarsa ba ne.

Abincin yamma a gidan Muhandis aka ci. Ƙaramin gida ne tsoho, na iyayen matarsa, da wata rumfa a gefe cike da kekuna. Aka cire takalma a bakin ƙofa, matar gidan ta juya su suka fuskanci waje. Sunanta Fumiko. Ta karɓi dabinon da hannu biyu, ta sunkuya, ta ajiye shi gefe ba ta buɗe ba. Ta yi hidima ba abin kushewa. Amma Badamasi ya lura da abu biyu. Duk lokacin da kalmar Riyad ta fito daga bakin mijinta, sai ta miƙe ta shiga kicin. A bango kuma ga hotunan ƙasashen da ya yi aiki, Tailan da Indunisiya da wata, babu na Sulay ko ɗaya.

Da safe takarda ta ce ƙarfe tara za a je tsohuwar fadar garin. Badamasi ya ce shi rumfar kekunan yake so ya fara gani. Suna shiga ya cire takalma, ya cire hula, ya durƙusa a kan siminti.

"La, la, a'a!" in ji Muhandis. A ƙasarsu mutum ba ya zubewa haka sai magana ta kai ta rai da mutuwa. Ya yi ƙoƙarin ɗaga shi ya kasa. Sai ya jingine sanda, ya dafa wani keke, ya sauka a hankali da gwiwarsa mai ciwo har ya durƙusa a gabansa.

"Muhandis, ni na bar bawul a rufe. Ban nuna ba, ban kira ba. Kunyar direbobi na ji. Ka tambaye ni na ce tamam. Ƙarya na yi maka."

"Na sani."

"Na san ka sani. Amma ban faɗa ba. Ka zo sallama na ɓoye. Ka yafe mini."

"Halas, shi ke nan, Badamasi-san. Ya wuce. Zamani mai nisa."

"Ka faɗa da bakinka. A addinina sai ka faɗa."

Tsohon ya dube shi. Larabcinsa bai taɓa kaiwa ga wannan kalmar ba, sai da ya tambaya yadda ake cewa. Badamasi ya gaya masa. Ya maimaita a hankali, sau biyu, don ya tabbata ya faɗa daidai.

Badamasi ya share fuska da hula. Da ya tsaya nan da ya koma Riyad da sauƙin zuciya, amma ya dubi kekunan ya tambaya, "Da ka dawo, me suka yi maka?"

Muhandis ya ce ba su kore shi ba. Sun ba shi tebur a bakin taga, babu aiki a kai, shekara guda cur. Ya gane, ya rubuta takardar ajiye aiki. Suka bar gidan kamfani suka dawo nan, ya koma gyaran keke.

"Madam ta san gaskiya?"

Ya girgiza kai. "Na ce mata na lalata inji."

"Amma ba kai ba ne."

"Ni na koya maka, ni ban duba ba, ni na sa hannu. A wurinmu idan na ƙasa ya yi kuskure, na sama ne yake amsawa. Ban yi mata ƙarya ba."

"Bari in gaya mata."

"Da wane harshe?" Ya ɗan yi murmushi. "Ta yi kukanta shekara guda, ta daina. Ka bar shi. Kama ni in tashi, fada tana jiranmu."

Suka je fadar. Badamasi bai riƙe komai daga cikinta ba sai farin rufinta a cikin ruwan sama. A tasha Muhandis ya ba shi akwatin alewa mai ɗigon zinariya a kai, tsarabar garin, ya tsaya a sunkuye har jirgin ya ɓace.

A Shifa, Saidou ya saurari labarin yana cin alewar.

"To alhamdulillahi. Ya yahe maka. Mi ya rage?"

"Sunansa a cikin gidansa. Shekara ashirin da biyu matarsa tana ganin shi ya kunyata su. Abin da na ɗauka bai koma ba tukuna."

"Ka rubuta mata wasiƙa mana."

"Za ta ce kirkin baƙo ne. Sai takardar sito, da hatimi."

Saidou ya ajiye akwatin. "Iƙamarka Fabrairu za ta ƙare, Badamasi. Ka bari a sabunta tukuna."

"Haka na ce a wancan karon."

Ranar Lahadi ya shiga ofishin mudir ya tsaya, bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya faru tun daga ɗaga yatsa har zuwa tamam. Mudir yana da shekara goma sha biyar lokacin da abin ya auku. Ya tuna warin, ya tuna mahaifinsa a gadon asibiti, ya tuna yadda siton ya kusa kufce musu.

"Ya ammi Badamasi," ya ce, don tun yana yaro baffa yake kiransa, "babana ya mutu yana tsine wa mutumin nan."

"Shi ya sa na zo, Allah ya ja kwananka."

"Shekara ashirin da biyu kana cin abinci da mu."

"Haka ne."

"Ka san abin da kake nema?"

"Na sani. Layi uku ne. A ce binciken sito ya nuna ba Muhandis Nagase ya bar bawul a rufe ba, ni ne, kuma ya rufa mini asiri ne."

Mudir ya juya kujera ya fuskanci taga. Badamasi ya jira, da bai ji komai ba ya fita. Bayan kwana uku sakatare ya miƙa masa takardar, da sa hannu da hatimi. A makon ne kuma aka sanar da shi cewa ba za a sabunta iƙamarsa ba. Babu faɗa, babu wulaƙanci.

Ya kai takardar wani ofishin fassara a Malaz. Basudanen da ke wurin ya juya ta gaba da baya.

"Japananci? Sai mun aika Jidda. Wace ma'aikata za a kai wa?"

"Wata tsohuwa ce."

"Tsohuwa tana bukatar hatimi?"

"Ka buga mata duka."

Kwana tara aka yi kafin fassarar ta dawo. A gidan waya ya rubuta sunan Fumiko a bayan ambulan, ba na mijinta ba. Ya san Muhandis ya ce a bari. Wannan karon da saninsa ya saɓa masa. A sito kuwa aka ce tsufa ne ya sa Badamasi zai koma gida, shi ma bai gyara wa kowa zancen ba. Ko Turai abin da ya ce mata ke nan.

Ranar da ya rage kwana biyu ya tashi, da hantsi, yana ɗaure akwati Saidou na danne masa murfi, waya ta yi ƙara.

"Badamasi-san," in ji muryar. "Kai mushkila ne. Mushkila kabir. Na ce ka bari."

"Ka ce, Muhandis."

"Aikinka fa?"

"Ina nan lafiya."

Tsohon ya ci gaba.

"Ta karanta sau biyu. Ta shiga kicin, ta daɗe. Da ta fito sai ta zauna ta ce in ba ta labarin Riyad, tun daga ranar da na sauka. Tun rana nake yi. Amma na manta wani abu. Wannan burodin mai faɗi da muke ci da safe a bakin sito, da wake. Mene ne sunansa?"

Badamasi ya zauna a kan akwatin.

"Tamis, Muhandis. Tamis da ful."

Ya ji tsohon ya janye baki daga waya, yana maimaita sunan a hankali ga wadda ke zaune kusa da shi.